Zanzibar ko Sao Tome: wanda bai iya ruwa ba ina ya dosa?

Ƙanina ne ya tayar da maganar bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida. Ya ce, "Yaya, na gaji da hutun da ake ƙarewa a cikin kantuna. Wannan karon daji nake so da teku, inda zan dawo ƙafata tana ciwo. Wani ya ce Zanzibar, wani ya ce Sao Tome. Ina za ni?" Na ce masa kafin mu je ko'ina, ya faɗa mini gaskiya: ya iya ruwa? Ya yi dariya, ya ce rabonsa da ruwan da ya wuce gwiwa tun kududdufin unguwa, shi ma sai da ya sha bulala a kansa.

To a nan gizo ke saƙar, kuma zan dawo kansa.

Idan taswira za ka bi, babu ma abin tattaunawa. Daga Legas zuwa Sao Tome, tsibiri a tekun Atlantika, a miƙe, bai kai kilomita 800 ba, wato tsibirin ya fi Kano kusa da Legas. Shi ya sa lokacin yaƙin basasar Najeriya, tsakanin 1968 da 1970, daga filin jirginsa ake tashi cikin dare da kayan agaji zuwa Uli a yankin Biyafara. Zanzibar kuwa, wadda yanki ce ta ƙasar Tanzaniya, tana can gabashin Afirka a tekun Indiya, kusan kilomita 4,000 daga Kano. Amma ranar da ka zauna neman tikiti za ka ga abin ya juye. Zanzibar tana da jirage daga ko'ina: ka tashi daga Kano ka sauya a Addis Ababa ko Doha, ko daga Legas ka bi ta Nairobi, ko ka sauka Darussalam ta Tanzaniya ka hau jirgin ruwa na kimanin awa biyu. Sao Tome jiragenta 'yan kaɗan ne, ba kullum suke tashi ba, kuma sai ka kewaya ta wani gari kamar Libreville ko Luanda, wani lokacin har da kwana a hanya. Maƙwabcin da kake hangen katangarsa, shi ne sai ka zaga gari kafin ka kai ƙofarsa.

Ƙasar da za ka taka ita ce babban bambancin. Unguja, babban tsibirin Zanzibar wanda yawancin mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Tsawonsa kimanin kilomita 85, tudunsa mafi tsayi bai kai mita 150 ba. Babu abin hawa. Duk abin da zai sa zuciyarka ta buga yana cikin ruwa ko a kan ruwa. Sao Tome kuwa ƙoƙon dutse ne mai aman wuta da ya tsiro daga ƙasan teku, ɗaya daga jerin duwatsun da suka taso daga Annobon, suka bi ta Principe da Bioko da Dutsen Kamaru har tsaunukan Adamawa. Ƙololuwarsa, Pico de Sao Tome, mita 2,024 ce, a tsibirin da faɗinsa bai wuce kilomita talatin da 'yan kai ba. Ko'ina ka juya hawa ne ko gangara. Kudu maso yammacin tsibirin yakan sha ruwan sama fiye da milimita 5,000 a shekara, abin da Kano sai ta haɗa damina biyar ko fiye kafin ta gani.

Bari in fara da Zanzibar, tunda ita ce kowa ya sani a hoto. Abin da hoto ba ya faɗa maka shi ne tekun gabashin tsibirin ba ya zama wuri ɗaya. A Paje ko Jambiani ka kwanta ruwa yana lasar katangar masauki, ka tashi ka tarar ya ja da baya har sai ka sa hannu a goshi kafin ka hango shi. Sau biyu a yini yake wannan tafiya da dawowa. A lokacin da ya janye ne mata suke fitowa, zannuwansu a ɗaure a ƙugu, su zauna cikin ruwan da bai kai gwiwa ba suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka kafa tsakanin turaku. Noma ne sosai, da shuka da girbi da shanya, ana sayar da ita ƙasashen waje. Na yi tafiyar kusan awa guda a kan wannan yashi, ina tsallake ƙananan halittu masu ƙaya da ke maƙale a ramuka (kada ka kuskura ka shiga ba takalmin roba), sai wata dattijuwa ta ɗaga mini hannu tana nuna bayana. Ruwan ya fara dawowa, kuma sauri yake yi fiye da yadda ido ke gani. Wanda ke son ruwan da zai shiga kowane lokaci sai ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda janyewar ba ta da yawa. A Nungwi ne kuma har yau ake sassaƙa jiragen ruwan katako a bakin teku, da gizago da kurfi.

Amma kyan Zanzibar na gaske yana ƙarƙashin ruwa: duwatsun murjani da ke kewaye da tsibirin Mnemba, da na Chumbe da aka killace tun 1994, kifaye kala-kala kamar an zazzage shagon atamfa. Don ka gan su sai ka sa tabarau da bututun numfashi ka kwanta a kan ruwa, fuska a ƙasa. Ga wanda ya tashi a Kano ko Zinder, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Za a ba ka rigar da ke hana nutsewa, ɗan jagora zai ja ka da taya mai igiya, kuma yawancin mutane sukan saki jiki bayan minti goma. Wasu kuwa ba sa saki, su ƙare yinin a cikin kwale-kwale suna riƙe wa mutane waya. Ka san halinka tun daga gida. Idan kana da wata uku kafin tafiya, kuɗin koyon ninƙaya a wani wurin wanka na otal ya fi duk wani abin da za ka saya amfani.

A tudu, abin da Unguja ke da shi shi ne dajin Jozani, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2004. Ƙarami ne, kimanin murabba'in kilomita 50, ana gama zagayen baƙi cikin awa biyu. Darajarsa jan birin nan ne mai farar suma a tsaitsaye kamar tsohon da ya tashi daga barci, wanda asalinsa babu shi ko'ina a duniya sai Unguja, kuma ƙidayar 2017 ta nuna ba su kai 6,000 ba. Mutanen wurin suna ce masa kima punju, birin dafi. Yana da wata ɗabi'a da ta burge ni: yana cin gawayi, har sata yake yi a inda ake ƙona shi, don ya kashe dafin ganyayen da yake ci. Za ka gan su kusa, wani lokacin a reshen da ke saman kanka. Daɗi ne, yara za su so shi, amma ba wanda zai dawo daga Jozani yana ɗingishi.

Sai maganar cinkoso. Baƙin da suka shiga Zanzibar a 2023 sun haura 600,000. A Mnemba da safe za ka ƙirga jirage har ka gaji. A Kizimkazi, inda ake fita kallon dolfin, sau da yawa abin yakan zama farauta: jirage su yi ta bin dabbobin da gudu, ana ihu ana faɗawa ruwa. Ni ban ga abin sha'awa a ciki ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan ƙauye tsohon masallacin Dimbani ne, mai rubutun Kufi a jikin bangon alƙibla da ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. A bakin teku kuma akwai samarin da ke bin baƙo da tallan yawo da kaya, waɗanda mutanen gari da kansu suke kira papasi, ma'ana kaska. Sunan ya dace.

Wanda ya ji wannan ya yamutsa fuska, kada ya yi saurin soke Zanzibar, domin akwai Pemba, ɗaya babban tsibirin nata. Rabin awa ne a ƙaramin jirgin sama daga Unguja, kuma jirgin saman nake ba da shawara: mashigin da ke tsakaninsu yana da hauka, a Satumbar 2011 wani jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a wurin, rayuka da yawa suka salwanta. Pemba tudu da kwari ce, kore shar, Larabawa suka sa mata suna Jaziratul Khadra. Yawancin kanumfarin Zanzibar daga nan yake fitowa. Lokacin girbi za ka ga an baza shi a tabarmi a gefen titi, na yau kore, na jiya ja-ja, na shekaranjiya ya yi baƙi kamar wanda muke jefawa a shayi da kunun aya, ƙamshin kuwa har cikin mota. Akwai dajin Ngezi a arewa, akwai Kidike inda dubban manyan jemagu ke rataye a bishiyoyi, masu fiffiken da ya kai mita ɗaya da rabi in sun buɗe. Tekun yammacinta yana zurmawa ƙasa kamar rijiya, masu nutso na gaske suna ji da shi, amma igiyar ruwansa ba ta ɗan koyo ba ce. Masaukai kaɗan ne, dare ya yi gari ya yi tsit.

Yanzu Sao Tome. Lokacin da Turawan Fotugal suka iso wajejen 1470 ba su tarar da kowa ba. Duk mutanen ƙasar, waɗanda yau ba su kai 250,000 ba, jikokin waɗanda aka kawo ne, da farko bayi don noman rake, daga baya 'yan ƙwadago daga Angola da Mozambik da Cape Verde don koko da kofi. A farkon ƙarni na 20 wannan ɗan tsibiri ya taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Manyan gandayen, da ake kira roça, kowanne gari ne guda: gidan mai gandu, asibiti, layin dogo, ɗakunan ma'aikata a jere. Bayan 'yancin kai a 1975 yawancinsu suka durƙushe. Ka je Agostinho Neto ko Agua Ize ka ga katafaren asibiti rufinsa ya rufta, bishiya ta fito ta taga, yara suna ƙwallo a farfajiya, mata suna shanya a kan matakalar da dā sai Bature ke hawa. Har yanzu mutane suna zaune a ciki. Mai son tarihi zai samu abin tunani a nan kamar yadda zai samu a tsohuwar kasuwar bayi ta Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, da aka rufe a 1873, sai dai nan babu mai karɓar tikiti, babu allon bayani.

Dajin kuwa shi ne dalilin zuwa. Gandun Obo, da aka kafa a 2006, ya cinye tsakiya da kudu maso yammacin tsibirin. Gwajin farko shi ne Lagoa Amelia. Mota za ta kai ka Bom Sucesso, sama da mita 1,000 daga teku, inda iska ke da sanyi kamar Jos. Daga nan ƙafa ce, ta cikin gonakin kabeji da karas, sannan ka shige duhun itatuwa masu gansakuka tun daga gindi har reshe. Bayan kamar awa ɗaya da rabi sai ka gangara cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Sunansa tafki, amma ba ka ganin ruwa, ciyawa ce ta saƙe samansa. Ɗan jagora ya ce in yi tsalle. Na yi, ƙasa ta motsa ƙarƙashina kamar katifa, ta motsa har inda yake tsaye. Ya ɗauki wata doguwar gora ya soka, ta shige duka bai taɓa ƙasa ba. Ban sake tsalle ba.

Wanda wannan bai ishe shi ba sai Pico. Yawanci kwana biyu ake yi, a kwana a tanti a kan dutse. Taɓo ne, saiwoyi ne da za ka kama da hannu ka ja jikinka, gajimare ne da zai rufe ka har ka daina ganin na gabanka, kuma kana iya kaiwa ƙololuwa ka tarar babu abin gani sai fari fat. Ba a shiga ba ɗan jagora, ba don doka kaɗai ba: akwai baƙar gamsheƙa a dajin, cobra preta, mai mugun dafi, asibiti kuma yana da nisa. A hanyar kudu za ka hangi Cao Grande, wani dutse siriri kamar taɓarya a tsaye, mita 663 daga teku, kansa a cikin gajimare yawancin lokaci. Wannan na kallo ne, hawansa sai ƙwararru masu igiya.

Saboda tsibiran sun daɗe a ware, suna da tsuntsaye fiye da iri ashirin da babu su ko'ina, abin da ke kawo masu kallon tsuntsu daga nesa da manyan tabarau. A kudu, bakin tekun Jale, kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, an fi ganinsu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga can ɗan kwale-kwale zai tsallaka da kai Rolas, tsibirin da layin ikwaita ya ratsa, ka tsaya ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudanci. Sai Principe, ɗaya tsibirin ƙasar, kimanin minti arba'in a jirgin sama, ƙaramin tsibiri da UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012. A gandun Sundy na can ne masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan husufin rana na 29 ga Mayu 1919, waɗanda suka gaskata maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. Principe tana da kyau matuƙa, amma fitattun masaukanta na masu hannu da shuni ne. Baƙin da ke zuwa ƙasar gaba ɗaya a shekara ba su kai 50,000 ba, don haka bakin teku guda kana iya samunsa kai kaɗai, sai masunta.

To ga inda Zanzibar ta yi wa Sao Tome fintinkau a wurin Bahaushe. Kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne. Kiran salla zai tashe ka, nama ba sai ka tambayi wanda ya yanka ba, matarka da hijabinta ba wanda zai kalle ta sau biyu. Kunnenka ma zai riƙa tsintar kalmomi: habari, dunia, sabuni, Alhamisi, karafuu. Abinci kuwa shinkafa ce mai kayan ƙamshi, kifi da miyar kwakwa, rogo, shayi mai citta. Gargaɗi biyu dai. Na farko, bakin tekun Nungwi da Kendwa na masu yawon buɗe ido ne, da mashaya da kiɗa da shigar da ba ka so yaranka su gani, saboda haka mai iyali ya zaɓi masauki da lura. Na biyu, agogonsu. Da Swahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana, saa moja ita ce ƙarfe bakwai na safe. Wani mai kwale-kwale ya ce mini mu haɗu saa mbili, na yi zamana ina jiran ƙarfe biyu na rana, ashe tun takwas na safe ya zo ya gaji ya tafi da wasu.

Sao Tome ƙasar Kiristoci ce, yawancinsu Katolika, harshen hukuma Fotugis. Turanci ba ya kai ka nesa, wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, ya fi samun sauƙi. Da ka bar babban birni kai ne ladan kai ne liman, ka tafi da dardumarka da abin duba alƙibla. Kifi yana da yawa kuma sabo ne, ga ayaba, ga calulu, miyar ganye da kuɓewa da manja da busasshen kifi wadda ba za ta yi maka baƙunta ba. Amma alade yana yawo a ƙauyuka kamar yadda awaki ke yi a namu, kuma yana shiga tukunya. Ka haddace sem porco, ba alade, ka tsaya a kan kifi. Sannan ka haddace leve leve, sannu-sannu, domin da ita za a amsa maka duk lokacin da mota ta makara.

Takardu: mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, kuma abin yana ɗaukar makonni, don haka kada ka sayi tikitin da ba a sauyawa kafin ta fito. Tun Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44. Sao Tome ma ka kammala maganar izinin shiga kafin ka tashi. Duka biyun ka riƙe katin rigakafin shawara, ka sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Wajen kuɗi, Zanzibar tana da na kowa, daga ɗakin talaka zuwa na sarki, ga daladala, motar haya mai arha, sai dai ka tafi da sababbin takardun dala don tsofaffi ba sa karɓuwa. A Sao Tome tsabar yuro ce abokiyar tafiya, kuɗinsu dobra a ɗaure yake da ita, 24.5 kan yuro ɗaya, kuma kada ka dogara da kati. Tikiti ya fi tsada, hayar mota mai ƙarfi dole ce, kusan komai shigo da shi ake yi.

Lokaci bai raba gardama sosai ba. Maris zuwa Mayu ruwa ne a duka biyun, a bar shi. Yuni zuwa Satumba, daidai dogon hutun makaranta, rani ne a duka biyun. A Sao Tome sunansa gravana, sama takan yi toka-toka amma hanyar dutse ta fi bushewa, kuma lokacin ne manyan dabbobin tekun nan, wel, suke wucewa. Sai dai mai son Pico da kunkuru a tafiya ɗaya dole ya haƙura da ɗaya.

Abin da na faɗa wa ƙanina ke nan. Mai tafiya da mata da yara, ko amarya, ko wanda wannan ce fitarsa ta farko irin wannan, ya tafi Zanzibar, ya yi kwana biyu a Stone Town, uku a gabas, ya ƙarasa sauran a Pemba. Amma shi da ya ce ciwon ƙafa yake nema, shi kaɗai zai tafi, ruwa kuma tsoronsa yake ji, Zanzibar za ta nuna masa rabin abin da take da shi ne kawai. Ƙafa kuwa yana da ita, mutumin da ke zuwa gona a ƙasa tun yana yaro. Na ce ya nufi Sao Tome a watan Yuli ko Agusta, ya ware kwana goma saboda jirage, ya manta da Principe sai wani jiƙon.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wannan gamsheƙar fa?" Na ce ya sayi takalmi mai rufe idon sawu, ya bar ɗan jagora ya shige gaba. Washegari na gan shi da asuba yana hawa Dala da jaka a baya, ya cika ta da littattafai.